Kanel: Ilimin da Muka Bar wa Wasu

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya cak, har jirage suka kasa tashi. Mutane da yawa sun ɗauka aikin 'yan kutse ne. Ba haka ba ne. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ne ya tura sabuntawa mai kuskure, kuma manhajarsa tana aiki ne a cikin kanel, wato ƙwayar babbar manhajar da ke juya na'ura.

Mene ne aikinta? A tsarin Linux, wanda wayoyin Android ke tafiya a kansa, kowane aiki mai gudana yana da lambarsa. Idan ya nemi a loda masa sabon shiri ta umarnin exec, kanel takan share tsohon shirin daga ma'ajiyarsa, ta zuba sabo, ta canja masa suna, ta daidaita izininsa, amma lambar tana nan. Kamar rumfa ce a Kasuwar Kurmi: an kwashe kayan fata an jera littattafai, rumfar ba ta gusa ba. Akwai matakin da in an wuce shi babu komawa baya; in matsala ta taso, sai dai a kashe aikin.

Abin takaici, mun ɗauki irin wannan tunani a matsayin na Turawa kaɗai. Alhali a 1732 Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan ƙa'idojin jera lambobi a hatimi, mataki bayan mataki, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Wa ke ambatonsa a azuzuwanmu? Shi kuwa Linus Torvalds yana ɗalibi ne a Helsinki ya fara Linux a 1991, kuma rubutunta a buɗe yake, kyauta ga kowa.

Matasan Yakasai, Mandawari da Jakara da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano suna da basira, malami suka rasa. Ya kamata Jami'ar Bayero da masu shirin horar da fasaha na 3MTT su koyar da su wannan ilimi da Hausa, a daina tsayawa kan latsa allo. Gwamnatin Kano kuma ta ɗauki nauyin rubuta littattafan. Har yaushe za mu riƙa sayen na'urar da ba mu san cikinta ba?