Yadda Kwamfuta Ke Mai Da Kalma Launi

A kewayen Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a Kaduna, galibin katunan ɗaurin aure da allunan kantuna da ake gani yanzu a kan kwamfuta ake tsara su. To, amma ita na'urar ba ta san harafi ba, ba ta kuma san launi ba. Lamba kaɗai ta sani. Wannan ne ya sa ana iya mai da kowace kalma launi.

Bisa tsarin ASCII da aka fito da shi a Amurka a 1963, aka ƙara masa ƙananan haruffa a 1967, lambar "a" ita ce 97, ta "z" kuwa 122. Shi kuma launi, daga ja da kore da shuɗi ake haɗa shi, kowanne da ma'auninsa daga 0 zuwa 255. Saboda haka idan aka ɗebi lambobi uku na farkon kalma aka raba musu, sai launi ya fito. Kalmar "Sarki" tana ba da 83 da 97 da 114, watau toka-toka mai karkata ga shuɗi. Haka yawancin kalmomi suke fitowa, babu armashi, domin lambobin haruffa duk kusa da juna suke.

Inda abin ya shafi Bahaushe shi ne haruffa masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. ASCII bai san da su ba ko kaɗan. Tsarin Unicode na 1991 ne ya ba su mazauni, ya ba ƙ lamba 409, wadda ta zarce iyakar 255, shi ya sa tsarin UTF-8 na 1992 yake rubuta ta da lambobi biyu, 198 da 153.

Ga abin sha'awa: lambobi uku na farkon "ƙasa" su ne 198 da 153 da 97, launin da suke bayarwa kuwa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar na jan yashi. Dacewa ce kurum, ba tsarawa aka yi ba. Amma idan mai buga takarda ya yi ganda ya yar da lanƙwasar, kamar yadda ake yawan gani a allunan gari, sai lambobin su koma 107 da 97 da 115, launin ya koma toka, kalmar kuma ta zama "kasa", sunan maciji.