Ko Kun Sani?

A ƙarshen watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da garin Arlit na ƙasar Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Tamanrasset, ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu mutanen Kance ne, a jihar Damagaram. Babu halin kai su gida, don haka sojoji da 'yan agaji, cikinsu har da Almoustapha Alhacen na ƙungiyar Aghir In'Man, suka binne su inda aka same su, nesa da danginsu. Gwamnatin Nijar ta ayyana zaman makoki na kwana 3. Duk wanda ya bi wannan hanya, ya sa su a addu'a.