Mota Mai Ɗaki a Hanyar Ƙasashe Huɗu



Idan watan Yuli ya kama a nahiyar Turai, aka fara rufe makarantu, yini ya yi tsawo har rana ta kai ƙarfe tara ba ta faɗi ba, sai manyan hanyoyin da suka nufi kudu su cika da wata irin mota fara, doguwa, mai tagogi da labule, wadda a cikinta akwai gado da murhu da firji da makewayi, ta yadda maigida da iyalinsa za su yi makonni a kan hanya ba tare da sun nemi masauki a wurin kowa ba. Jamusawa sun daɗe da wannan al'ada, domin tun a 1931 wani mutum mai suna Arist Dethleffs ya ƙera ɗaki mai ƙafafu wanda ake ja da mota, don maiɗakinsa ta riƙa yi masa rakiya a tafiye-tafiyensa na fatauci, daga bisani kuma masu ƙira suka haɗa ɗakin da motar suka zama jiki ɗaya. A yau za mu dubi tadbirin da ya wajaba a kan mai niyyar irin wannan safara, kuma za mu ɗauki hanya guda mu bi ta, domin magana a kan abin da ido zai iya bi a taswira ta fi amfani.

Hanyar ita ce wadda ta tashi daga birnin Munik na Jamus, ta shiga Ostiriya ta Innsbruck, ta haye tsaunukan Alps ta mashigin Brenner, ta gangara Italiya zuwa tafkin Garda da birnin Benis, sa'an nan ta karkata gabas ta shiga Sulobeniya, ta bi ta Lubliyana da tafkin Bled, ta komo Munik ta Salzburg. Duka-duka zagayen bai kai kilomita 1,500 ba, wato ya ɗara tafiyar Kano zuwa Ikko, amma bai ninka ta ba. Ƙasashen nan huɗu kuɗinsu ɗaya ne, Yuro, kuma duk suna cikin yarjejeniyar Shengen wadda aka ƙulla a 1985, saboda haka biza ɗaya ta wadatar. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar zai nemi bizar a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma zamansa ba zai wuce kwana 90 a cikin kwana 180 ba.

To, amma mas'alar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma akasarin sababbin shiga suke gafala da ita, ita ce nauyin motar kanta. Lasin tuƙi na ƙaramar mota a Turai yana halatta wa mutum abin hawa wanda bai haura kilo 3,500 ba, da shi da dukan abin da ke cikinsa, kuma a kan wannan adadi ne aka gina hukunce-hukunce masu yawa na hanya, tun daga gudun da aka yarje maka har zuwa harajin da za ka biya. Alhali kuwa sau da yawa motar haya, tun ba a sa mata ko cokali ba, ta riga ta kusa kilo 3,000. Abin da ya rage shi ne za a raba tsakanin mutane huɗu, da tufafinsu, da guzurinsu, da kekuna, da tukwanen gas, da tankin ruwa wanda kan ci kimanin lita 100, kowace lita kuma kilo guda ce cif. Mai hankali, bayan ya gama lodi, sai ya kai motar bisa sikeli kafin ya kama hanya, ya kuma tafi da ruwa kaɗan ya cika a masauki, domin 'yan sandan hanya suna da nasu sikelin, kuma wanda aka samu ya wuce haddi, ban da tara, ana iya tilasta masa ya sauke kaya a gefen titi kafin ya ci gaba. Ni a ganina tarar ma ita ce mafi sauƙin abin, domin mota mai nauyi fiye da kima, a gangaren dutse, birkinta yakan yi zafi ya daina kamawa, kuma a cikinta akwai 'ya'yan mutum.

Daga nan sai harajin hanya, wanda kowace ƙasa take da nata tsari. A Jamus irin wannan mota tana bin babbar hanya kyauta. Da zarar ka doshi Ostiriya kuwa, wajibi ne ka sayi takardar haraji kafin ka hau babbar hanyarsu, akwai ta kwana goma wadda ta dace da baƙo, kuma idan motarka ta haura kilo 3,500 takardar ba ta yi maka, sai ka ɗauki wata na'ura mai suna GO-Box wadda take lissafa maka kowace kilomita. Hanyar Brenner tana da nata kuɗi na dabam a kan wancan. A nan ne matafiyi zai haye gadar Turai, wadda aka gama a 1963, mai tsayin mita 190 daga ƙasan kwari, kafin ya kai mashigin da ke mita 1,370 bisa teku, kuma lalle wurin ya isa mutum ya yi tafakkuri a kan ikon Allah da kuma abin da Ya sanar da ɗan Adam. A Italiya kana karɓar tikiti a ƙofar shiga, ka biya a ƙofar fita gwargwadon nisan da ka yi. Sulobeniya tata takardar ta intanet ake saye, a ɗaura ta a kan lambar mota, ramin Karawanken kuma, mai tsawon kusan kilomita 8, wanda za ka bi ka komo Ostiriya, shi ma sai an biya.

Akwai wani zato da yake yaudarar mutane, cewa tun da gado yana cikin mota, duk inda dare ya yi nan ne masauki. Ba haka al'amarin yake ba. Jihar Tirol, inda Innsbruck take, ta haramta kwana a mota a wajen wuraren da aka keɓe, haka nan Sulobeniya tana tsanantawa, musamman a gandun Triglav da ke kusa da Bled. Sai dai an tanadi sansanoni na kuɗi da filaye na musamman, inda za ka sami wutar lantarki, ka cika tankinka, ka zubar da ruwan wanke-wanke da najasar makewayi a ramin da aka yi dominsu. Wannan aiki na ƙarshe ba mai daɗi ba ne, kuma yana dawowa duk bayan kwana biyu ko uku, amma wanda ya zubar a magudanar titi ko a bakin rafi ya cuci mutanen gari, ya kuma jawo wa dukan masu irin motarsa baƙin jini. Sansanonin bakin Garda kuwa a watan Agusta cika suke yi maƙil, sai wanda ya kama wuri tun watanni kafin lokacin.

Cikin birane kuma kada mutum ya kuskura ya kutsa da wannan doguwar mota. Tsofaffin garuruwan Italiya suna da unguwannin da aka rubuta ZTL a allon shigarsu, ga na'urar ɗaukar hoto a sama, kuma takardar tara tana iya iske baƙo a gidansa bayan watanni. Benis dai ba ta da titin mota sam, sai a ajiye a Fusina ko Tronchetto a shiga jirgin ruwa. A kiyaye ranakun Asabar na ƙarshen Yuli da farkon Agusta, da kuma makon 15 ga Agusta, ranar babban hutun Italiya, domin cunkoson Brenner a lokacin yana cinye yini. A kuma tuna cewa kantunan Jamus da Ostiriya galibi rufe suke ranar Lahadi, sai a yi cefane tun Asabar.

Musulmi matafiyi yana da nasa lissafin. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa a Munik jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, ba ta faɗuwa sai bayan tara, saboda haka tsakanin lisha da asuba ɗan taƙi ne, kuma direban da bai sami barci ba bai kamata ya hau dutse da sassafe ba. Shari'a ta yi sauƙi, domin a mazhabar Malikiyya mai tafiyar mil 48 yana yin kasaru, har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda, sa'an nan ya cika sallarsa. Wanda ya tsara tafiyarsa da kyau yana iya riskar Juma'a a masallacin Lubliyana, wanda aka buɗe a 2020.

Masu sauraro, da yawa sukan zauna gaban taswira, su ga ƙasashen kusa da juna, sai kwaɗayi ya sa su ƙara Kuroshiya, su ƙara Suwizalan, har su jera ƙasa bakwai a mako biyu, daga ƙarshe maigida ya ƙare a bayan sitiyari, yara kuma ba su ga kome ba sai bayan manyan motoci. Shawarata ita ce a ba wannan zagaye mako uku, kada tuƙin yini ya wuce sa'a uku ko huɗu, a kwana biyu ko uku a kowane zango, a kuma bar kwana biyu ba tare da an ƙulla musu kome ba, saboda ruwan sama ko rashin lafiyar yaro ko wani gari da ya shiga rai. Wanda yake da niyyar bazara mai zuwa, ya fara neman motar haya da biza tun cikin hunturu, ya tambayi masu hayar a rubuce kilo nawa aka bar masa na kaya, ya kuma riƙe lambar agajin gaggawa ta dukan ƙasashen nan huɗu, wato 112. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi lafiya.