Abin Da Ɓeraye Suka Koya Wa Likitoci Kan Jinyar Ƙwaƙwalwa

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san yadda abin yake. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko kaya ranar kasuwa, ya faɗi, kai ya bugu. Ko kuwa dattijo mai rumfa ya kwanta lafiya, ya wayi gari hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. An kai asibiti, an yi magani, an sallamo shi. To, daga nan aikin ƴan uwa yake farawa, kuma a nan ne da yawanmu muke kuskure. Sai mu shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, mu saki labule, mu kori yara, mu ce a bar shi ya huta, mu koma kasuwa.

Shin wannan hutun yana taimakon ƙwaƙwalwar da ta ji rauni? Masana sun fi shekara 70 suna neman amsa, kuma ɓeraye ne suka fara ba su ita.

A shekarar 1947 wani malamin jami'ar McGill ta ƙasar Kanada mai suna Donald Hebb ya ba da labarin ɓerayen gwaji da ya kai gidansa, suka taso suna yawo cikin gida. Da ya gwada su wajen gano hanya cikin akwati mai lunguna, sai suka fi waɗanda suka girma cikin keji. Daga baya masana na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka tsara gwajin sosai. Wasu ɓeraye aka ajiye kowanne shi kaɗai a ƙaramin keji. Wasu kuma aka tara su goma sha biyu a babban keji mai tsani da abubuwan hawa da na wasa, ana sauya kayan a kai a kai. A 1964 Marian Diamond da abokan aikinta suka nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar ƴan babban keji ya fi kauri da kusan kashi 6 cikin 100. Ashe wurin zama yana iya sauya ƙwaƙwalwa kanta.

Sai tambaya ta gaba: in ƙwaƙwalwar ta riga ta ji rauni fa? A 1995 Barbro Johansson da Anna-Lena Ohlsson na jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka toshe wa ɓeraye jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, kamar yadda take toshewa ga mai shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda aka sa a babban keji tare da ƴan uwansu sun fi na keɓe iya tafiya a kan siririn katako da hawa. Abin mamaki, girman tabon da ke ƙwaƙwalwarsu bai bambanta ba. Abin da ya mutu ya mutu, amma sauran sassan da ke raye sun koyi ɗaukar aikin. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da rassa kamar na itace, kuma yawan amfani da su yana sa rassan su ƙaru, su haɗu da na maƙwabta. Mu ƴan kasuwa mun san wannan: in gada ta karye, kaya ba su daina tafiya, sai a buɗe wata hanya, kuma yawan bin ta ne yake mai da ita hanya.

A 1996 matan nan biyu suka sake wani gwajin. Ɓeran da aka ba abin guje-guje amma yana zaune shi kaɗai bai kai wanda ke cikin ƴan uwansa samun sauƙi ba. Wanda ya haɗa biyun, jama'a da abin yi, shi ya fi kowa.

Lokaci ma yana da nasa. A 2004 Dale Corbett da ɗalibansa a Kanada suka fara wa wasu ɓeraye irin wannan jinya kwana 5 bayan rauni, wasu kwana 14, wasu kwana 30. Ƴan kwana 5 suka fi warwarewa, ƴan kwana 30 kuwa ba su amfana da wani abin kirki ba. Sai dai gaggawa ma tana da illa. Wani babban gwaji mai suna AVERT, da aka yi kan majinyata 2,104 aka bayyana sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa yawan tayar da mai shanyewar jiki cikin awa 24 na farko yana rage masa damar warkewa.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Da aka gwada wannan dabara a wasu asibitocin Ostareliya, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna majinyata sun ƙara motsi, amma ba su fi sauran warkewa ba bayan wata uku. Don haka kada wani ya ɗauki hira a madadin likita. Wanda ya bugu a kai, musamman in ya suma, ko yana amai, ko barci ya yi masa yawa, asibiti za a nufa da shi nan take. Haka wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki.

Amma bayan an sallamo shi, likita kuma ya ba da izini, darasin ɓerayen nan ba ya buƙatar ko dala. A fito da shi tsakar gida ya ga mutane. A kunna masa rediyo, a tambaye shi abin da ya ji. A bar shi ya kai loma da kansa ko da zai zubar. In mai rumfa ne, a ba shi canji ya ƙirga, a tambaye shi farashin buhun gero da canjin sefa da naira. In ya gaji ya huta, gobe a sake. Kada a fasa komawa wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti in an ba da rana.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƴan rumfa ɗaya za su iya raba kwanaki, yau wane ya leƙa, gobe wane. Ga ƴan kabu-kabu kuma, hular kwano ta fi duk wannan jinya araha.