Tabon Ruwanda: Musiba, Tunawa da Aikin Masu Fasaha

Sanin kowa ne cewa idan musiba ta auka wa mutum guda, yana da dangi da maƙwabta waɗanda za su zo masa jaje, su saurari kukansa, su ba shi haƙuri. Amma idan ta game al'umma baki ɗaya, har mai ta'aziyya shi ma ya zama abin yi wa ta'aziyya, to a nan ne harsuna ke yin nauyi, kowa ya haɗiye abin da ya gani. Wannan shi ne halin da Ruwanda ta shiga bayan waƙi'ar 1994, wadda a cikinta aka hallaka rayuka wajen 800,000 cikin kwana ɗari, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi, tare da 'yan ƙabilar Hutu da suka ƙi goyon bayan zalunci.

Sabubban wannan shiru a fili suke. Da yawa daga masu kisan maƙwabta ne, waɗanda ala tilas a ci gaba da gamuwa da su a kasuwa da hanyar gona. Dattawan da ke riƙe da labarin zuriya sun tafi, suka bar marayu waɗanda ba su san ko kabarin iyayensu ba. Hukuma kuma, don gudun fitina, ta dakatar da koyar da tarihin ƙasa a makarantu shekaru da dama. Sai dai shiru bai haifar da mantuwa ba, domin abin da baki ya ƙi faɗi yakan komo cikin mafarki da firgita, har takan kai a tarukan juyayi na watan Afrilu a ga mutane suna kururuwa suna suma, ana fita da su a hannu.

Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda suka saurari shari'u kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, sun bayyana wanda ya aikata laifi, amma alhinin zuci ba alƙali ke warware shi ba. A nan masu hikima suka shigo. A 2004 aka fara watsa wasan rediyo mai suna Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu masu gaba da juna, wanda ya ba masu sauraro damar yin muhawara a kan mutanen wasa alhali kansu suke nufi. A shekarar ce kuma Odile Gakire Katese ta kafa ƙungiyar makaɗa mata ta Ingoma Nshya a Butare, ta haɗa matan da aka kashe wa dangi da matan da danginsu suka yi kisa, suna kaɗa gangunan da a dā maza kaɗai ke taɓawa.

Duk da haka, wajibi ne a faɗi cewa fasaha wuƙa ce mai baki biyu. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 a 2008 saboda tunzura jama'a ga kisa. Shi kuwa mawaƙi Kizito Mihigo, wanda ya tsira daga kisan, an kama shi a 2014 bayan waƙar da a cikinta ya tausaya wa mamatan kowane ɓangare, ya kuma rasu a hannun 'yan sanda a 2020. Saboda haka waƙa da wasa suna iya buɗe bakin mai baƙin ciki, amma waraka ba ta tabbata sai an haɗa su da gaskiya da adalci, an kuma bar kowane mai rashi ya yi makokin nasa.