Gawarwakin taurari masu bugun zuciya a maƙwabtanmu

Ranar 12 ga Disamba 1970, daga wani dandamali a kan teku kusa da gaɓar Kenya, hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Uhuru don ya nemo hasken eksire a sararin samaniya. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske, dole sai an fita sama kafin a gan shi. A 1971 Uhuru ya hango wata maɓuɓɓugarsa a Ƙaramin Gajimaren Majelan, wani gungun taurari da haskensa kan yi tafiyar shekara kusan 200,000 kafin ya iso mana. Aka sa mata suna SMC X-1.

Ashe gawar tauraro ce. Idan babban tauraro ya ƙone makamashinsa, yakan fashe, cibiyarsa ta dunƙule ta zama tauraron nutron: faɗinsa kusan kilomita 20 ne kawai, amma ya fi rana nauyi. In yana da abokin zagaye a kusa, sai ya riƙa zuƙar iskar gas daga jikinsa. Ƙarfin maganaɗisunsa yana tattara iskar ya zuba ta a kan ƙuryoyinsa biyu, ta yi zafin miliyoyin digiri, ta fitar da eksire. Da yake yana juyawa, hasken kan waiwayo mu ya kauce, kamar fitilar motar asibiti. SMC X-1 yana juyawa sau ɗaya a daƙiƙa 0.7, yana kuma kewaya abokinsa cikin kwana 3.9.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawansu. Wannan gungu ƙanƙane ne idan aka gwada shi da namu gungun da rana take ciki, amma an gano irin waɗannan taurari fiye da 60 a cikinsa. Yawancinsu abokansu taurari ne masu zafi da saurin juyi, har sukan watso gas ya yi musu ɗamara a ƙugu. Idan gawar ta ratso kusa da ɗamarar takan haska, sannan ta yi lakwas na tsawon makonni ko watanni. Masana suna danganta yawan nasu da wata haihuwar taurari mai yawa da ta auku a can shekaru miliyan 40 da suka wuce. Kuma tunda nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, ana iya gwada ƙarfin haskensu kai tsaye, abin da ke da wuya a cikin namu gungun.

Akwai wanda ya ƙi bin lissafi. A 2011 na'urorin hange na Chandra da XMM-Newton suka gano SXP 1062, wanda kan ɗauki kusan minti 18 kafin ya juya sau ɗaya. Irin wannan nawar sai tsoho, amma shi yana nan tsakiyar tarkacen fashewar da ta haife shi, shekarunsa ba su wuce dubbai goma-goma ba. Har yanzu ana muhawara kan abin da ya taka masa birki da wuri haka, wasu masanan suna zargin maganaɗisu mai ƙarfin da ya wuce kima.