Tubalin wasan yara da ya zama sana'ar manya: daga LEGO zuwa motar kara

Wasunku sun taɓa ganin ƴan tubalan roba masu launi-launi cikin tsarabar da ake aiko ma yara daga Turai ko Amurka. Sunansu LEGO. A nan gida sai a zube ma yara su a tsakar gida, kwana biyu rabi ya ɓace cikin rairayi. A can kuwa akwai magidanta da matan aure, har da masu furfura, da ke raba dare suna gini da su, wasu ma da wannan aikin suke ci da iyali. Ga bayanin yadda abin yake, da inda ya shafe mu.

Asalin tubalin

Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, yana sassaƙa kayan wasa na katako. A 1934 ya raɗa mashi suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Tubalin roba irin na yau kuwa a 1958 aka yi mashi rajista, zamanin ɗansa Godtfred.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. A saman kowane tubali akwai ƴan ƙululai zagayayyu, a ƙarƙashinsa kuma ƴan bututu. In ka danna wani bisa wani sai su cije juna, ba laka, ba siminti, ba ƙusa. In ginin bai yi maka ba, ka ɓalle ka sake. Awonsu bai canza ba, shi ya sa tubalin 1958 yake kama na bana daram. Wani malamin lissafi na Denmak, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga, aka tarar tubali shida kacal masu ƙululu takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915.

Yadda manya suka shiga

Kowane kwali yana zuwa da takarda mai nuna ma yaro yadda zai haɗa mota ko gida. Manyan da muke magana sun aje takardar gefe, sun koma gina abin da ke cikin kansu. Mutum zai zana abin da yake so, ya ƙirga tubali nawa zai ci da launinsu, sannan ya bi ya saye su ɗai-ɗai. Akwai kasuwarsu a intanet mai suna BrickLink, wadda kamfanin LEGO ya saye a 2019. Suna kuma yin taron baje koli, kamar Brickworld da ake yi a Chicago ta Amurka. A irin wannan taro akan yi aikin gayya: a tsaida awo guda, kowa ya gina nashi yanki a gidansa, ranar taro a jera su a haɗa, sai ga gari guda da titi da kasuwa da jirgin ƙasa yana zagayawa.

Nathan Sawaya lauya ne a birnin New York. A 2004 ya aje aikin lauya ya koma ga tubali, a 2007 ya fara baje kolinsa da ya zagaya ƙasashe da yawa. Cikin ayyukansa akwai ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar zamanin da, dangin waɗanda ake gani a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da ya haɗa da tubali wajen 80,000. Kamfanin ma ya buɗe ƙofa: wanda ya ƙirƙiro abu ya samu goyon bayan mutum 10,000 a shafin LEGO Ideas, za a duba aikinsa, in an yarda a sayar da shi a kasuwa, a riƙa ba shi kashi 1 cikin 100 na cinikin.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ekow Nimako, ɗan asalin Gana mazaunin Toronto ta Kanada, mai gini da baƙaƙen tubala. A 2019 ya haɗa tubali wajen 100,000 ya gina birnin Kumbi Saleh, wanda kufansa ke Moritaniya, kuma masana da yawa ke cewa shi ne babban birnin tsohuwar daular Gana. Ya gina shi yadda yake hasashen zai zama nan da shekara dubu. Aikin yana hannun gidan tarihi na Aga Khan da ke Toronto.

Mu ma muna da magina

Wannan suna na Aga Khan ba baƙo ba ne a jihar Tawa. A 1986 masallacin Juma'a na garin Yama, cikin yankin Badagishiri, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Wanda ya gina shi, Alhaji Falke Barmu, manomi ne kuma magini. An soma aikin a 1962 da tubalin ƙasa, mutanen gari suka yi gayya, wasu na buga tubali, wasu na jido ruwa da itace. Daga 1975 aka sake rufin, aka yi ƙubba, aka tada hasumiya huɗu, kowace da nata fasali. Wato shi ma ba takardar wani ya bi ba.

To, daga ina irin wannan hannu yake farowa? Ku dubi yaranmu bayan girbi. Yaro zai fere karan dawa, ya soke ɓawon cikin totuwa, ya tada mota har da ƙofa mai buɗewa. Wani ya lanƙwasa waya ya yi babbar mota mai sitiyari, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Wani gwangwanin madara ne kayan aikinsa, wani yumɓun bakin tabki, ya yi shanu da raƙuma da rumbu. Wannan yaro yana awo da ido, yana gano dalilin da ya sa abu ke tsayuwa ko ya faɗi, in ya rushe ya sake. Aikin da su Nimako ke yi ke nan, kayan ne suka bambanta. Sai dai a can in yaro ya girma yana samun abokai da wurin nuna aikinsa. A nan kuwa da ya tasa sai a ce ya girma da shiririta, wani lokaci ma a taka motar a kore shi. Ta haka muke asarar magina, kafintoci, masu walda da masu zanen gini tun ba su san kansu ba.

Abin da za mu iya yi

Iyaye, in an gama aikin gida da karatu, a bar yaro da karansa. A tambaye shi yadda ya yi tayar ta juya. In hannunsa ya nuna, a kai shi wurin magini ko kafinta lokacin hutun lakwal. Malamai kuma, ranar bikin ƙarshen shekara tebur guda ya isa a jera abin da ɗalibai suka ƙera, iyaye su gani.

Ku ƴan uwa na ƙetare, sabon kwalin LEGO yana da tsada, kuma abu guda aka tsara a gina da shi. Na hannu da ake sayarwa a gauraye, wani lokaci da kilo, ya fi araha, ya fi kuma buɗe kan yaro. Ku haɗo da bokiti mai marfi don kada su watse. A kiyaye sosai: ƙananan tubalan haɗari ne ga yaron da bai kai shekara 3 ba, don yana iya haɗiyewa su shaƙe shi. Nasu daban ne, manya-manya, ana ce masu Duplo.

In kuma tubalan sun iso, kada a tsaya ga motar da ke jikin kwali. A ce ma yaro ya gina rumbun gidansu, ko tashar motar Ƙonni, ko masallacin Yama da hasumiyarsa huɗu. Wanda bai samu na roba ba, kara da yumɓu suna nan kyauta. Allah ya yi ma zuri'armu albarka.